Lanfo tilas ne, amma a nuna muna inda kuɗɗin ke shiga

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in sa baki kan gardamar da ake ta yi a kasuwa da fadojin samari nan Maradi, wai lanfo, wato haraji, ƙwace ne kawai da sunan doka.

Ni dai ban musa tilas ne ba, ka ƙi biyan patanti, wato harajin sana'a na 'yan kasuwa, ka gani ko ba a sa ma butik ɗinka kwado. Amma ba kowane tilas ne zalunci ba. Zakka ma ai ba sai ka ga dama ba, Sayyadina Abubakar har yaƙi ya yi da waɗanda suka hana ta, sai dai ku duba yadda aka tsara ta: akwai nisabi, wanda bai kai ba ba a taɓa shi, ɗaya cikin 40 ake fiddawa a kuɗi, kuma Alƙur'ani ya faɗi kashi 8 na waɗanda za a ba. An san wa zai biya, an san nawa, an san ina za ta. To wanga shi muke nema ga lanfo.

Mutanenmu ba banza suke tsoron shi ba, kakanninmu sun ga na zamanin Nasara, kuɗin kai da jangali, ko damina ta yi ko ba ta yi ba sai ka biya, mutum ya saida akuya ko ya tsallaka Katsina ya ɓuya, kuma ba wanda ya isa ya tambayi ina kuɗɗin suka nufa. Wancan kam ƙwace ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Yau ƙasa tamu ce, kuma wallahi duk mai cewa a daina biya gaba ɗaya ya gaya mani da mi za a biya malamin lakwal da ungozoma da sojan da ke gadin ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji daga ɓarayin daji, gudron Maradi zuwa Dan Issa da manyan motoci ke bi dare da rana wa zai gyara shi? Alhazai kaɗai ba su iyawa, kuma bai kamata a ce sai sadaka za mu rayu ba.

Inda abin ke ci mani rai, TVA, wato harajin 19 cikin 100 da ake ɗorawa kan farashin kaya, ba ta san mai kuɗi ba ba ta san talaka ba, mai kabu-kabu da babban ɗan kasuwa farashi guda suke sayen sabulu. Ku tuna 2005 da aka ɗora ta kan gari da madara da sukari, garuruwa suka rufe kasuwanni har gwamnati ta sassauta, mutane ba ƙin ƙasarsu suka yi ba, nauyin ne ya faɗa kan maras ƙarfi. Haka mai tallan tuwo ko ƙosai, tikiti ba ya tsallake ta ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba, alhali wani mai tirela goma ya san wanda zai kira a rage mashi.

Roƙona ga hukumomi, duk dala da aka karɓa a ba da rasit, kuma kowace shekara a karanta a rediyo da Hausa abin da aka tara da abin da aka yi da shi unguwa unguwa, magudanar ruwa nawa aka yashe kafin damina, aji nawa aka gina. Mu kuma 'yan kasuwa mu bar ba da na goro don a yafe muna, mu biya mu karɓi takarda.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga Maradi