Fasahar Bulokcen da Yaƙi da Hamada: A Fara Ƙidaya Itatuwa Masu Rai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da maganar da ta fara yawaita a tarurrukan sauyin yanayi, wato cewa fasahar bulokcen za ta taimaka wajen yaƙi da ɗumamar duniya da kwararowar hamada. Ni mutumin arewacin Jigawa ne, inda rairayi ke cin gona ana ji ana gani, saboda haka duk abin da aka ce zai tsayar da hamada nakan kasa kunne, amma kuma nakan auna shi kafin in yi na'am.

Ga wanda bai san wannan fasaha ba, misalin adashi zai wadatar. Uwar adashi ita kaɗai ke riƙe da littafi, kuma idan ta goge wani layi ko ta ƙara sifili, sai dai a yi ta rantse-rantse. To a ce kowace 'yar adashi tana da irin wannan littafi a hannunta, duk zubin da aka yi ya shiga dukkan littattafan a lokaci guda, sannan an ɗaure kowane shafi da wanda ya gabace shi ta yadda idan aka taɓa ɗaya sauran za su tona asiri. Abin da bulokcen ke yi ke nan a kwamfutoci, shi ya sa na fi son kiransa kundin sarƙa.

Inda ya haɗu da batun yanayi shi ne kasuwar kabon. Kamfanin da ke fitar da hayaƙi a Turai ko Amurka yakan sayi takardar shaida, kowace ɗaya a madadin tan guda na iskar kabon da aka hana fita ko itatuwa suka zuƙe a wani wuri. Tsohuwar cutar wannan kasuwa ita ce a lissafa aiki ɗaya sau biyu, kamar yadda mugun dillali ke sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Domin maganin haka ne Bankin Duniya da gwamnatin Singafo da abokan aikinsu suka ƙaddamar da wani kundi na bai ɗaya a kan bulokcen a watan Disamba na 2022, wanda ke haɗa bayanan rajistoci daban-daban. Wannan amfani ne na gaskiya, kuma ba ni da ja a kansa.

Sai dai kundin sarƙa yana tsare abin da aka rubuta ne kawai, ba ya tambayar ko gaskiya aka rubuta. A ƙarshen 2021 wani dandali mai suna Toucan ya mayar da miliyoyin takardun kabon kuɗin intanet a kan bulokcen, da yawansu na tsofaffin ayyuka ne da masu saye suka daɗe da juya wa baya, har sai da Verra, wadda ita ce babbar mai rajistar irin waɗannan takardu, ta hana wannan dabara a watan Mayu na 2022. A watan Janairu na 2023 kuma binciken jaridar Guardian ta Ingila da abokan aikinta ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka na Verra da ya duba ba su rage hayaƙin da aka yi iƙirari ba, duk da cewa Verra ta musanta. Ƙaryar da aka shigar cikin irin wannan kundi ba ta komawa gaskiya, sai dai ta zama ƙaryar da ba a iya gogewa.

Wannan shi ne abin da nake jiye wa shirin Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wato shirin dasa itatuwa a gefen Sahara domin tsayar da hamada. Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 kawai aka cim ma. Najeriya ta kafa hukumar shirin a 2015 domin jihohi 11 na Arewa, har da tamu. Kowa ya san yadda bikin dashe ke kasancewa a farkon damina: manya su zo, a dasa, a ɗauki hoto, a watse, kafin bazara kuwa awaki da ƙishirwa sun gama da yawancin dashen. Mu dai adadin dashen da aka raba muke ƙidayawa, kuma idan wannan adadi aka zuba a bulokcen, to daji ne za a sayar wa duniya wanda babu shi sai a takarda.

Mu leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi a bar shi ya girma. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da wata kwamfuta ba. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen gonarsa nasa ne, ga shi kuma gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Saboda haka idan har za a kawo mana kundin sarƙa, a ɗora shi a kan itace mai rai da mai kula da shi. A yi rajistar gona da sunan mai ita, a ɗauki hoton itatuwan tare da alamar wurin a tsakiyar bazara, a gwada da hoton tauraron ɗan'adam, mai unguwa da malamin gona su shaida, sannan a biya manomi bayan shekara ɗaya, a sake biyansa bayan uku. A rubuta a kundin nawa mai saye ya biya, nawa ya tsaya a hannun 'yan tsakiya, nawa ya isa ƙauye. Biyan kuma ya zama da naira ta ƙaramar waya, domin matasanmu sun sha danna waya dare da rana suna haƙar kuɗin intanet da bai sayi ko mudun gero ba. A kuma guji tsari mai zuƙar lantarki irin na kuɗin intanet na Bitcoin, wanda wutar da yake ci a shekara ta zarce wadda tashoshin Najeriya ke samarwa, tun da Ethereum, wadda ita ma tsarin bulokcen ce, ta nuna a watan Satumba na 2022 cewa ana iya rage wannan ci da fiye da kashi 99 cikin 100.

Ina kira ga Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, da ta sanya waɗannan sharuɗɗa ga duk mai son sayar da kabon da sunan gonakinmu. Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilanku a watan Afrilu zuwa wuraren da aka yi bikin dashe bara, su ƙidaya itatuwan da ke tsaye, ku buga mana adadin.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Maigatari, Jihar Jigawa