Hoton da ya mayar da gunkin Sripuranthan gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in tsoma baki a maganar kayan tarihin da aka sace, amma ta ɓangaren Indiya zan ɓullo.

A ƙauyen Sripuranthan da ke jihar Tamil Nadu akwai wani tsohon wurin bauta da ɓarayi suka shiga wajen 2006, suka ɗauke gunkin tagulla na zamanin daular Chola. Nataraja suke ce masa, wato Shiva, abin bautar Hindu, yana rawa cikin da'irar wuta. Hannunsa huɗu. Ɗaya riƙe da ƙaramin ganga mai siffar kalangu, ɗaya da wuta, ɗaya a ɗage, tafinsa na kallon mai bauta, alamar "kada ka ji tsoro". Ƙafarsa ta dama ta danne wani wada mai suna Apasmara, wanda a tatsuniyarsu shi ne jahilci. A imaninsu Shiva mai tsaro ne. Ni Musulmi ne, ba ruwana da bautarsa, amma jikan maƙera ne, aikin ya isa a tsaya a duba. Da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla, sannan a fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Har yau maƙeran garin Swamimalai da ke Tamil Nadu haka suke yi, haka kuma maƙeran Benin suka yi nasu.

A 2008 gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostareliya ya saye shi kan dalar Ostareliya miliyan 5.6 daga dillali Subhash Kapoor, da takardun bogi. Me ya tona asiri? Hoto. Cibiyar binciken Faransa da ke birnin Pondicherry na Indiya ta ɗauki hotonsa a mazauninsa tun 1994. Aka gwada, magana ta ƙare. A Satumbar 2014 Firaministan Ostareliya na lokacin, Tony Abbott, da kansa ya miƙa wa takwaransa na Indiya Narendra Modi shi, Kapoor kuwa kotun Indiya ta yanke masa shekara 10 a 2022.

Mun yi murna da Jamus ta dawo mana da tagullar Benin a Disambar 2022. To, abin da ke hannunmu yanzu fa? Ina roƙon Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta bi fadojin sarakuna da gidajen tarihi, ta ɗauki hoton kowane tambari, takobi da kandiri, ta rubuta awonsa da inda yake ajiye, ta kuma ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya