Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin Garwa kan koya wa yara kiɗa da aikin hannu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Duk shekara idan bikin matasan Kamaru na 11 ga Fabrairu ya gabato, sai a tara 'yan makaranta a yi mako biyu ana koya musu rawa da maci, su gifta gaban manya a tafa musu. Washegari ganguna su koma sito sai bikin ranar ƙasa na 20 ga Mayu. Wanda ya riƙe kalangu sau biyu a shekara bai koyi kiɗa ba, almajiri da 'yar talla kuwa ko leƙe ba su samu.

Roƙonmu shi ne a buɗe ajin mako-mako a cikin unguwanni, a fara da Yalwa da Fulɓere. Batun rana shi ne wurin da aka fi yin kuskure. 'Yan boko suna da sarari Laraba da yamma, almajirai kuwa Alhamis ce hutunsu, don haka ajin rana ɗaya dole ya bar rabin yaran a waje. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, domin zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40. 'Yan mata a ba su malama mace a gidan da iyaye suka sani, in ba haka ba uwa ba za ta ajiye farantin talla ba. Kuma don Allah kada a ce sai da takardar haihuwa, yaran da ake nema su ne ba su da ita.

Kada malami ya riƙe fiye da yara 15. Ƙanana su fara da zayyana, alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro sun wadatar. Ginin tukunya yana son yumɓu a cuɗe shi da garin katanga, wato dakakkiyar fasasshiyar tukunya, a shanya a inuwa kamar mako guda. Idan aka yi gaggawa aka kai shi rana, tsagewa zai yi tun kafin gashi, yaro ya karaya. Zanen ƙwarya da wuƙa ko ƙarfe mai zafi a bar wa waɗanda suka kai shekara 12. Kalangu kuwa a ware masa kuɗin gyara, domin hunturu yana busar da fata ta fashe, damina ta sa ta saki, ɓera kuma ba ya barin tsirkiya.

Makaɗa da magina da masassaƙa suna nan cikin gari. A yanka musu albashin wata a rubuce, ba na goro ba, a bar su su koyar da Fulatanci da Hausa yadda su ma aka koya musu.

Idan aka fara da buɗe makarantu a Satumba, zuwa 16 ga Yuni, Ranar Yaran Afirka, kowace unguwa za ta iya baje tukwane da ƙoren 'ya'yanta a ƙofar mai unguwa, iyaye su shigo kyauta.

Allah ya ja zamaninka.

Daga wasu masu koyar da kiɗa da sana'ar hannu a Garwa