A koya wa ɗalibai duba wutsiyar doguwar kalmar Turanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da 'yan'uwanmu malaman Turanci na sakandare a jihar Gombe tun kafin WAEC da NECO su ƙarato. A takardar furuci akan rubuta gaɓa ɗaya da manyan haruffa, a ce ɗalibi ya zaɓi inda nauyin murya ya faɗa. Abin takaici ne yadda yara ke zubar da maki a nan, don haddar jerin kalmomi ake ɗora musu alhali akwai ƙa'ida.

Matsalar daga bakinmu ta faro. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bread ya koma burodi, kuma kowane wasali muna ba shi haƙƙinsa. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa, sauran wasulan su raunana, wasu ma su ɓace: vegetable gaɓa uku ce a baki, Wednesday biyu. Saboda haka da kunne ake ƙirga gaɓa. Yaro ya sa bayan hannunsa ƙarƙashin haɓa, ya furta kalmar a hankali, ya ƙirga sau nawa haɓar ta sauka.

Daga nan sai ya duba ɗafa-ƙeya, wato wutsiyar da ake liƙa wa kalma a ƙarshe. Idan kalma ta ƙare da -tion, -sion, -ic ko -ity, gaɓar da ke dab da wutsiyar ita ake dannawa: examiNAtion, ecoNOmic, responsiBIlity. Fi'ili mai gaɓa uku ko fiye da ya ƙare da -ate, a ƙirgo daga ƙarshe, ta uku ita ce: comMUnicate, CONcentrate. Nan ne aka fi tuntuɓe, har da malamai, domin kunnenmu ya saba jin communiCATE a kan titi. Su -eer da -ese kansu suke ɗaukar nauyin, kamar engiNEER da JapaNESE, su -ment da -ness kuma ba sa gusar da shi: deVElop, deVElopment.

A rubuta PHOtograph, phoTOgraphy da photoGRAphic a allo, aji ya buga tebur a kan gaɓar mai nauyi, su ji yadda take tafiya alhali saiwar ɗaya ce. Minti biyar a farkon kowane darasi ya wadatar. Inda aka yi shakka a buɗe ƙamus: ɗan karan da ke sama yana zuwa ne kafin gaɓar da ake dannawa, ba bayanta ba.

Wassalam,
Wasu malaman Turanci, Gombe