Wasiƙa daga Detroit

Assalamu alaikum, aminina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafinka cewa na yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ka yi haƙuri, sanyin nan ne ya mai da ni ɗan zaman ɗaki.

Ka ce tun da ka sauka Cape Town a Afirka ta Kudu kake ganin a takarda kawai aka soke wariyar launin fata, kuma zanga-zanga ba ta tsinana komai. Rabin maganarka na ɗauka. Bari ka ji abin da na gani.

Ranar Asabar na je arewacin birni, kusa da titin Eight Mile, don in ga wata katangar siminti da aka gina a 1941. Tsayinta ƙafa shida, kaurinta ƙafa ɗaya, ta bi bayan gidaje kimanin rabin mil. Wani magini ne ya so ya kafa unguwar farar fata, sai hukumar gidaje ta gwamnatin tarayyar Amurka ta ƙi tsaya masa a kan bashi saboda baƙaƙe na zaune a maƙwabta. Yana gina katangar aka amince. Na dafa ta, malam, har na yi ɗage na leƙa tsakar gidan da ke bayanta, na hango keken yara jingine da ita. Ko yaro zai iya haye ta. Ba don ta tare mutum aka yi ta ba, banki aka nuna wa inda kuɗi zai tsaya.

Yau baƙaƙe ne a gaba da bayanta. Fararen sun daɗe da tattara nasu ya nasu suka koma garuruwan da ke kewaye. Birnin da ke da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950 bai kai 640,000 ba a ƙidayar 2020. Da aka nemi haɗa makarantun birni da na kewaye don yara su cakuɗa, Kotun Ƙoli ta hana a 1974, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Kenan katangar ta yi ƙaura zuwa iyakar birni, inda ba a ganinta. A nan kana da gaskiya.

Amma a jikin katangar an zana hoton Rosa Parks, baƙar fatar nan da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujera a bas, wadda ta dawo garin nan da zama a 1957, a nan kuma ta rasu a 2005. Na tsaya a gabansa ina tuna maganarka. Bayan kama ta kan haka a garin Montgomery a Disamban 1955, baƙaƙe sun yi kwana 381 ba su hau bas ba. Mata masu aikatau suna tafiya a ƙasa safe da yamma, masu mota suna rage wa wasu hanya, aljihun kamfanin yana ta ƙonewa, har kotu ta soke dokar wariya a bas. Za ka ce waɗannan ba su tsinana komai ba? Ba na jin da za a ɗaure ɗan sanda Derek Chauvin shekara 22 da rabi kan kisan baƙar fata George Floyd in da mutane sun zauna a gida a 2020.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bas yana da mai shi, an san ƙofar da za a buga. Wa za a yi wa zanga-zanga a kan iyakar birni, ko darajar gida da ta faɗi tun zamanin kakanni? Har yanzu ina juya wannan.

In ka samu sarari ka je unguwar District Six da ke Cape Town, inda aka kwashe mutum sama da 60,000 bayan an ayyana ta unguwar farar fata a 1966. Ka ɗauko mini hoton filin, ina so in ga abin da ya rage.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.