Binciken Littafi Mai Tsarki ya zama wa'azi na biyu a ikilisiyoyinmu

Edita, barka da aiki. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista masu karanta Hausa, musamman na ƙasar Zuru da Yawuri da Birnin Kebbi. Mun san yawancin masu karatunka Musulmi ne, kuma ba jayayya ta kawo mu ba. Gyaran cikin gida ne, amma maƙwabci ma zai ci moriyarsa, domin duk wanda ya gyara mudunsa saboda tsoron Allah, kasuwa gaba ɗaya ce ta huta.

Da wuya ka sami ikilisiya a nan, ECWA ce ko UMCA, Baftis, Angilikan ko Katolika, wadda ba ta ware lokacin binciken Littafi Mai Tsarki ba. Ga yadda abin yake tafiya a wurare da yawa. Mutum ɗaya ya tsaya gaba, ya karanta aya ɗaya, ya rufe littafin, ya yi minti arba'in yana magana, jama'a na amsawa da amin, a ɗauki baiko, a watse. Wannan wa'azi ne, kuma wa'azi yana da ranarsa. Bincike dabam yake. A Ayyukan Manzanni 17:11 an yabi mutanen Biriya saboda suna duba Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan manzo Bulus bai fi ƙarfin a duba maganarsa ba, babu fasto ko dattijon da ya fi ƙarfin haka.

Tushen matsalar shi ne tsintar aya. Mutane da yawa sun ɗauka lambobin sura da aya tare da littafin suka zo. A'a. Rabon surorin da muke amfani da shi aikin Stephen Langton ne na Ingila a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Amfaninsu sauƙin neman wuri. Bulus wasiƙa ya rubuta, kuma ba wanda ke karɓar wasiƙa daga ɗansa da ke Legas ya karanta layi na goma sha uku kaɗai ya ninke ta.

A duba Irmiya 29:11, wadda ake rubutawa a bayan mota da jikin kalanda, inda Allah ya ce yana da shiri na alheri domin mutanensa. Aya ta 1 ta nuna wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta daga Urushalima zuwa Babila. Aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. Daga aya ta 5 zuwa ta 7 an umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Saboda haka ayar ba alkawarin samun kwangila kafin ƙarshen wata ba ce. Magana ce ga mutanen da aka raba da gidajensu, kuma iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba sun fi kowa cancantar su ji ta cikakkiya. Haka Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, wadda matasa ke haddacewa kafin jarrabawa. Aya ta 11 da ta 12 suna maganar mutumin da ya koyi wadar zuci cikin ƙoshi da cikin yunwa, kuma Bulus yana tsare ya rubuta ta. Zabura 105:15 kuwa, mai cewa kada ku taɓa shafaffuna, da wasu shugabanni ke karewa da ita duk sa'ad da aka nemi lissafin kuɗin ikilisiya, labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu take bayarwa lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan a ƙasar wasu. Ba ta hana kowa tambayar rasit ba.

To, yaya ake yi? Kada rukuni ya wuce mutum goma sha biyu. Idan an kai talatin, a raba uku, domin a taro mai yawa mutum huɗu ne ke magana, sauran su zama 'yan kallo. A zauna a da'ira, kada jagora ya hau bagade. A zaɓi littafi guda a bi shi daga farko har ƙarshe, ana ɗaukar aya goma zuwa goma sha biyar kowane zama. Awa ɗaya da kwata ta isa: minti biyar na addu'a, minti goma a karanta wurin sau biyu da murya, baki biyu dabam, sauran lokacin a raba wa tambayoyi uku, a bar minti goma na ƙarshe don yi wa juna addu'a.

Tambaya ta farko, me aka rubuta? Wa ke magana, da wa, a ina, wace kalma ce ta yi ta maimaituwa? A nan dokar ita ce duk wanda ya ba da amsa ya nuna ayar da ya samo ta. Ta biyu, me marubucin ke nufi ga mutanen da suka fara jin maganar? Ta uku, me za mu yi kafin mako mai zuwa? Yawancin rukunoni tsalle suke yi daga karatu zuwa ta uku, shi ya sa kowa ke fitowa da ra'ayin da ya shigo da shi. Jagora kuma aikinsa a gida yake farawa. Ya karanta wurin aƙalla sau biyar, ya karanta surar da ke gaba da ta baya, ya rubuta tambayoyi shida zuwa takwas waɗanda ba a amsa su da i ko a'a. Idan ya yi tambaya aka yi shiru, ya ƙirga goma a zuci kafin ya sake buɗe baki. Jagoran da ke amsa tambayarsa da kansa, cikin mako uku zai koya wa jama'a su daina tunani.

Ga rukunin da ke son sanin mece ce bangaskiya ta gaskiya, shawararmu a fara da wasiƙar Yakubu. Sura 5 ce, aya 108, ana karance ta da murya cikin kamar kwata ɗaya na awa, kuma mako goma ya isa a bi ta a tsanake. A zaman farko a karanta ta duka ba tsayawa. (A kuma bayyana tun da wuri cewa wannan Yakubu ba shi ne na Farawa 29 ba, wanda ya yi wa Laban aikin shekara bakwai saboda Rahila. Wancan labarin, ɗan ƙasar Zuru da ya san golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, ba ya bukatar mai fassara.)

Yakubu ba ya barin mutum ya ɓuya a bayan baki. A 2:19 ya ce ka gaskata Allah ɗaya ne, madalla, aljanu ma sun gaskata har suna rawar jiki. A 2:15 da 16 ya kawo ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura ba su da abincin yini, wani ya sallame su da fatan alheri bai ba su komai ba. Da bakinmu na yau, wannan shi ne a ce wa mai gudun hijira Allah ya kawo sauƙi, a koma gida a ƙara wa rumbu kwaɗo. Idan rukuni ya zo nan, kada a tsaya kan cewa ya kamata mu riƙa taimako. A tambaya: gidaje nawa ne a unguwar nan suka karɓi baƙi daga ƙauye? Gwauraye nawa ne a rajistar zumuntar mata? Mudu nawa na dawa kowane gida zai iya fitarwa, wa zai tara, wa zai kai, wace rana? Yakubu 1:27 ta ambaci marayu da gwauraye, ba ta ce sai na cocinku ba.

Sai 5:4, ayar da ba a cika jin ta a kan bagade ba. Ta ce hakkin ma'aikatan da suka girbe gonakinku, wanda kuka danne, yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji. A jihar da ake ɗaukar 'yan ƙwadago yankan shinkafa a fadama da girbin dawa a tudu, wannan ba misali ba ne, lissafi ne. A haɗa ta da Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14 da 15, inda aka ce a biya ɗan ƙwadago a ranar, kada hakkinsa ya kwana. Sura ta 25 ta Maimaitawar Shari'a, aya 13 zuwa 15, ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Mai awo da ke saye da mudu mai zurfi ya sayar da wanda aka bubbuge gindinsa, ko shi ke jan waƙa ranar Lahadi, wannan ayar da shi take. Haka Yakubu 2:1 zuwa 4, kan mai zoben zinariya da aka ba kujera mai kyau, matalauci kuwa aka ce ya tsaya can. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jera kujeru ranar godiyar kaka ko ranar tara kuɗin gini ya san ba a Urushalima kaɗai ake yin haka ba.

Lalle wani zai ɗaga hannu ya ce, ashe ba ta wurin bangaskiya aka cece mu ba? Tambaya ce mai kyau, kada a ture ta. A buɗe Afisawa 2:8 da 9, inda aka ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, sannan a ci gaba zuwa aya ta 10, wadda ake yawan tsallakewa: an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Bulus yana maganar saiwa, Yakubu yana maganar 'ya'ya. Dukansu biyu sun kafa hujja da Farawa 15:6, inda aka ce Ibrahim ya gaskata Allah, aka lasafta masa adalci. Yakubu ya ƙara da abin da ya faru a Farawa 22, shekaru bayan haka, inda Ibrahim ya yarda ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya, don ya nuna bangaskiyar nan ta fito fili. Ba aikin ne ke sayen ceto ba, amma mangwaron da ya shekara goma bai yi ko fure ba, mai gona yana da dalilin tambaya.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kashe rukuni. Na ɗaya bambancin fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, akwai fassarar 1979, akwai kuma sababbi da ke cikin wayoyi. Wani ya ce Yahaya, wani ya ce Yohanna, tsohuwa ta ɗauka littafi biyu ake nufi. A zaɓi fassara ɗaya ta karatu da murya, sauran a riƙa leƙa su idan kalma ta yi nauyi. Na biyu harshe. Da yawa daga iyayenmu suna sujada da Hausa, amma da Dakarci ko Dukanci ko Fakkanci ko Kambarci suke tunani. A Nehemiya 8:8 an karanta Shari'a, aka kuma bayyana ma'anarta har jama'a suka gane. A bar tsoho ya amsa da harshensa, wani ya juya. Wanda bai iya karatu ba, a sa masa karatun murya a katin waya ya saurara sau uku kafin ranar. Sau da yawa irinsu ne ke kama abin da masu boko suka wuce. Sai mai cinye lokaci, wanda ya yi wata shida a makarantar Baibul. A ba shi aikin rubuta amsoshin wasu, a yi masa magana a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Roƙon addu'a kuma kada ya zama gulma mai sanye da farar riga. Abin da aka faɗa a rukuni ya tsaya a rukuni, sura ta 3 ta Yakubu tana nan tana jiran harshe.

Lokaci ma a duba shi. Da damina mutum ya yini a gona, bincike da ƙarfe bakwai na dare gyangyaɗi ne. A mayar da shi yammacin Lahadi, a kauce wa ranar kasuwa, kuma inda hanya ba ta da tsaro a tashi da sauran rana. Mai son karance littafin duka shi kaɗai, sura 1,189 ce a littattafai 66 (na 'yan'uwa Katolika 73 ne). Sura uku kowace rana da biyar ranar Lahadi suna kai mutum ƙarshe cikin shekara. Sai dai kada sabon mai bi ya fara daga Farawa ya miƙe, yawanci a Littafin Firistoci ake sarewa. Ya fara da Markus, sura 16.

Abu ɗaya muke roƙon fastoci da dattawa su ƙara a tsarin. Kowane zama ya buɗe da tambayar abin da aka ce za a yi makon jiya: an biya ɗan ƙwadagon? An kai dawar? An je neman gafarar? Jagora ne zai fara amsawa kafin kowa, kuma idan bai yi ba, ya ce bai yi ba.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naku,
Wasu masu jagorar binciken Littafi Mai Tsarki,
Zuru, Jihar Kebbi.