Wani abu na yawo a jikina, gwaji kuma bai nuna komai ba

Assalamu alaikum Likita. Barka da aiki, Allah ya saka da alheri kan amsoshin da kake ba mu a wannan fili.

Ni mace ce, na haura shekara 45, ina zaune a wani gari kusa da Argungu a jihar Kebbi, sana'ata gumin shinkafa. Tun ƙarshen damina nake jin wani abu na yawo ƙarƙashin fatata, kamar kiyashi sun ja layi. Yakan taso daga ƙwauri ya hau cinya, wani lokaci har tsakar kai. Da rana in ina bakin murhu ko wajen shanya, nakan manta da shi. Da na kwanta bayan isha'i sai ya ce ga ni. In haska fitila in duba, ba komai sai sawun farcena.

Da farko na ɗauka kuɗin cizo ne. Na fitar da katifa rana, na bi bakin ɗinkinta da yatsa, na zuba wa gado tafasasshen ruwa, ko ɗigon jini ban gani a zanen gado ba. Mai kemis ya ce ƙazwa ce, ya ba ni man shafawa. To amma na san ƙazwa, na yi renon yara: tana fito da ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma in ta shiga gida ba ta barin kowa. A gidanmu ni kaɗai ke susa. Na sha maganin tsutsar ciki. Wata maƙwabciya har cewa ta yi in shafa fiya-fiya da kananzir, na ce a'a, abin da ke kashe sauro ba zan ɗora wa fatata ba.

A asibiti an auna suga, an auna jini, an duba fitsari saboda tsargiya, tunda muna shiga fadama. An ce jinina ya ɗan yi ƙasa, sauran lafiya lau. Na tafi da 'yan abubuwan da nake tsinta a jikina cikin kwalin ashana. Likitan ya duba da madubin gwaji, ya ce ɓawon fata ne da zaren zane. Ya tambaye ni ko ina shan Tramadol ko maganin tari mai kodin, na ce ban taɓa ba. Ya tambayi al'adata, na ce ta fara yi mini wasa, wani wata ta zo, wani wata shiru. Daga nan ya ce in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. Wallahi Likita, maganar nan ta tsaya mini a rai.

A gida kuma 'yan'uwana sun yanke cewa jifa ne, sun ɗora wa abokiyar zamana. Shekarunmu da yawa tare, ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ruƙiyya an yi, rubutu ina sha. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar ɗana ta daina ba ni jikana in goya, wai kada ya ɗauka. Ban ga laifinta ba, amma na yi kuka.

Don Allah ka warware mini. Ɗaukewar al'ada ko ƙarancin jini na iya sa mutum jin haka ba tare da wata tsutsa ba? Akwai gwajin fata ko na jini da ya rage ba a yi mini ba, musamman na cutar baƙin ƙuda da ake raba Mectizan dominta? Kuma in na je wurin likitan ƙwaƙwalwa, me zai yi mini, alhali abin a fata nake jin sa? Ka faɗa mini ko zan iya ɗaukar jikana ba tare da na cutar da shi ba, don in karanta wa uwarsa amsarka.

Wassalam,
Wata baiwar Allah daga ƙasar Argungu